Hansatu Ƙarfe

Kafin katanga, tsamiyar tana nan.
Kafin allon bakin ƙofa, ƙarfen yana nan:
gangar tayar wata lori
da ta mutu a hanyar Dukku da gyaɗa a bayanta.
Buba Direba ya ba da ita sadaka,
aka rataye ta da sarƙa a reshen gabas,
aka ce, to, an buɗe makarantar 'yan mata.

Mu talatin da bakwai ne, in ban yi ƙari ba.
Aji biyu, fitilar ƙwai huɗu,
akwatunan ƙarfe masu warin ƙuli-ƙuli da sabulun salo.
Rifkatu daga Kaltungo ba ta jin Fillanci,
Inna-Wuro daga Hashidu Hausarta ta sayen gishiri ce,
aka ba su gado ɗaya, sama da ƙasa.
Kafin hutun farko
sun iya faɗa da harshe uku,
sun iya shiryawa ba da ko ɗaya ba.

Ni aka danƙa wa guduma.
Ba don kai ba, don idona ba ya riƙe barci.
Biyar na asuba in fito, zani a wuya,
in ba ƙarfen nan tara masu kyau.
Allah kaɗai ya san tsinuwar da na sha daga cikin barguna.
Har sunan ubana ya ɓace a rajista ta baki,
na zama Hansatu Ƙarfe.

Rijiyarmu gaba arba'in,
guga ya tafi da safe ya dawo da labari.
Bokiti ɗaya: alwala, wanka, wanki,
ragowar a tura ƙarƙashin gado a kwana ana gadi.
Waken Laraba da naman da ba a saya ba,
mu tsince, mu ci, mu gode.
Shekarar da iska ta tafi da rufin ɗakin gwaji
a gindin tsamiya muka feɗe kwaɗo,
Madam Kande na riƙe da lema a kan littafi, ba a kanta ba.

Na bar nan da daɗewa, sauran ji na yi.
An ce an yi shekarar da yara ke kwana da takalmi a ƙafa,
malamai na zagaye katanga da tocila,
iyaye suka zo da motoci, wasu suka koma da 'ya'yansu,
wasu 'ya'yan suka riƙe ƙafar gado suka ƙi.
An ce ko a ranakun ba a fasa buga ƙarfe ba,
sai dai a hankali.

Jiya na koma taron tsofaffin ɗalibai.
Bene biyu, famfo mai aiki da rana,
yara sun fi dubu, fararen hijabai da shuɗin ɗankwali.
Shugabar makaranta kuwa Dudu ce,
Dudun da na sa ta durƙusa kan tsakuwa shekara uku
saboda makara.
Ta dubi agogo, ta dube ni ta saman tabarau:
Yaya Hansatu, an fara tun ɗazu.

Ƙararrawar yanzu maɓalli ce a ofis.
Reshen gabas ba komai sai tabon sarƙa.
Na zame daga taro, na bi warin hayaƙi,
na same shi bayan kicin,
ya zama murhu, ya yi baƙi, toka har wuya.
Na roƙi masu tuwo suka ɗaga min shi,
na ari taɓarya.

Muryar ta dushe kamar tawa.
Amma an ce a cikin zaure
Dudu ta yanke jawabi ta miƙe zumbur,
likita da alƙaliya da mai sayar da atamfa,
jikoki a cinya, gwiwa na ƙara,
kowa ta sunkuya
tana laluben bokiti ƙarƙashin kujera.